Babi na Bakwai: Raba Tafiyar Aiki da Tsohuwar Kwamfuta

Manyan bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin haraji da na fansho a ƙasashe masu yawa suna gudanar da mafi nauyin ayyukansu har yau a kan manhajojin da aka rubuta shekara talatin ko arba'in ko hamsin da suka wuce. Irin wannan shi ake kira tsarin gado, wato tsarin kwamfuta da ma'aikata ta gada daga shugabanni da injiniyoyin da suka shuɗe, wanda harkokinta na kullum suka rataya a wuyansa, amma gyara shi ko faɗaɗa shi ya zama abu mai tsada da haɗari. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji an rubuta su ne da COBOL, harshen umartar kwamfuta da aka ƙirƙiro a Amurka a 1959 domin lissafin kasuwanci, kuma suna aiki a kan manyan kwamfutocin tsakiya da suka samo asali daga System/360 wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1964. Tsufa shi kaɗai ba aibi ba ne a nan, domin waɗannan na'urori sun yi suna wajen ƙarko da daidaiton lissafi, kuma ba kasafai suke tsayawa ba. Abin damuwa shi ne kuɗin da suke ci da yadda suke ɗaure hannun mai son kawo canji. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka, GAO, ya nuna a rahotonsa na 2016 cewa kusan kashi 75 cikin 100 na sama da dala biliyan 80 da gwamnatin ke kashewa kowace shekara a kan fasahar kwamfuta yana tafiya ne wajen kula da abin da ake da shi tun da, kuma babban kundin masu biyan haraji na ƙasar ya haura shekara 50 yana aiki.

Wahalar ta samo tushe ne daga yadda abubuwa mabambanta suka cuɗanya a cikin rubutun umarni guda. Akwai bayanan da tsarin ke riƙe da su, kamar sunan mai asusu da ragowar kuɗinsa da tarihin shige da ficen kuɗin. Akwai ƙa'idojin yanke hukunci, kamar yadda ake lissafin kuɗin ruwa ko sharaɗin da ke sa a ƙi biyan diyyar inshora. Sannan akwai tafiyar aikin kanta, wato wane mataki ne ke biye da wane, wa zai sa hannu, kuma me za a yi idan takarda ta makara. A tsarin da aka gina a shekarun 1970 duk waɗannan a wuri ɗaya suke, kuma duk lokacin da doka ta canza ko aka fito da sabuwar haja sai a ƙara wasu layuka a kan na da, sau da yawa ba tare da an rubuta dalilin hakan a ko'ina ba. Bayan shekara arba'in sai ya zama rubutun umarnin shi ne kaɗai cikakken bayanin yadda ma'aikatar ke aiki, waɗanda suka rubuta shi kuwa sun yi ritaya ko sun rasu. Jihar New Jersey ta Amurka ta ga illar haka a watan Afrilu na 2020, lokacin da annobar korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsarin jihar yawa, har gwamna Phil Murphy ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL su kawo ɗauki.

Hanyar da ta fi saurin zuwa a ran shugabanni ita ce a gina sabon tsari ɗungurungum, a kwashe bayanan a ƙarshen mako guda, a wayi gari ranar Litinin ana aiki da sabo. Bankin TSB na Birtaniya, wanda bankin Sabadell na ƙasar Sifen ya saya a 2015, ya bi wannan hanya a watan Afrilu na 2018, inda ya kwashe bayanan abokan hulɗa sama da miliyan 5 daga kwamfutocin bankin Lloyds zuwa sabon tsari. Kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu ta intanet, wasu suka riƙa ganin bayanan asusun da ba nasu ba, shugaban bankin Paul Pester ya sauka a watan Satumba na wannan shekara, asarar ta kai kimanin fam miliyan 330, sannan a watan Disamba na 2022 hukumomin sa ido suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Ba dole ba ne sauyi babba ya ƙare da irin wannan, domin Commonwealth Bank na Ostareliya ya musanya tsarinsa na asali cikin nasara, sai dai aikin ya ɗauki kimanin shekara biyar kuma ya ci fiye da dalar Ostareliya biliyan 1. Masu hulɗa da bankunan Nijeriya ma sun ɗanɗana ɗacin irin wannan ƙaura a watan Oktoba na 2024, lokacin da GTBank ya koma manhajar Finacle, Zenith kuma ya koma Flexcube, mutane suka yi kwanaki suna fama da turawa da karɓar kuɗi.

A tsakanin zama da tsohon tsari yadda yake da rushe shi a dare ɗaya ne manhajar sarrafa tafiyar aiki ta sami gurbinta. Abin da ake nufi da tafiyar aiki shi ne jerin matakan da buƙata guda ke bi daga shigowarta har a kammala ta, ko da ta ratsa sassa biyar na ma'aikata da kwamfutoci uku. Wannan tunani ya yi ƙarfi ne bayan maƙalar da Michael Hammer ya buga a mujallar Harvard Business Review a 1990 da littafin da suka wallafa tare da James Champy a 1993, inda suka kawo labarin sashen bayar da lamuni na IBM: buƙatar abokin ciniki takan yi kusan mako guda tana yawo daga tebur zuwa tebur, amma da aka bi ta mataki-mataki sai aka gano cewa ainihin aikin da ake yi a kanta bai wuce minti 90 ba, sauran lokacin duka jira ne. Darasin yana da muhimmanci ga batun tsarin gado, domin sau da yawa tsohuwar kwamfutar da ake ɗora wa laifin jinkiri tana gama nata lissafin cikin daƙiƙa, jinkirin kuwa yana faruwa ne a giɓin da ke tsakanin wannan tsari da wancan, inda akawu ke kwafe lamba daga allo zuwa allo, ko fayil ke kwana a akwatin imel ɗin manajan da ya tafi hutu. Babu wata kwamfuta a tsohon tsari da aka ɗora wa alhakin lura da wannan giɓi.

Manhajar sarrafa tafiyar aiki, wadda aka fi sani da haruffan BPM, tana da manyan ɓangarori biyu, wato wurin zana taswirar aiki da injin da ke gudanar da taswirar. Ana yin zanen ne da wani tsarin alamomi mai suna BPMN, wanda ya fara fitowa a 2004, aka sabunta shi zuwa bugu na 2.0 a 2011 a ƙarƙashin ƙungiyar OMG, sannan hukumar ISO ta amince da shi a 2013. A cikinsa da'ira na nuna aukuwar wani abu, kamar isowar buƙata ko cikar wa'adi, akwati na nuna aikin da mutum ko kwamfuta za su yi, alama mai kusurwa huɗu da ke tsaye a kan tsininta kuma na nuna mararraba inda hanya ke rabuwa bisa sharaɗi. Muhimmancin bugu na 2.0 shi ne ya sa zanen ya zama abin da inji zai iya karantawa ya aiwatar kai tsaye, ta yadda taswirar da shugaban sashe ya duba ya amince da ita, ita ce dai wadda ke gudana, ba hoton da aka liƙa a bango aka manta ba. Kamfanonin da ke sayar da irin wannan manhaja sun haɗa da Pegasystems da aka kafa a 1983, da Appian a 1999, da Camunda na birnin Balin a 2008, baya ga IBM da SAP da Oracle.

Idan aka ɗauki buƙatar rance a banki za a ga yadda injin ke aiki. Da zarar buƙata ta shigo sai injin ya buɗe mata shafi nata na kanta, ya riƙa tuna inda ta tsaya ko da za ta yi wata guda ba a kammala ta ba. Zai tambayi tsohuwar kwamfutar tarihin asusun mai nema, ya tambayi hukumar tantance masu cin bashi matsayinsa, ya ajiye aikin a gaban jami'in da ya dace tare da duk bayanan a allo ɗaya, kuma idan wa'adin da aka yanka ya cika ba a taɓa aikin ba, ya ɗaga shi zuwa ga na sama. Bayan an amince sai ya umarci tsohuwar kwamfutar ta buɗe asusun rance ta zuba kuɗin. A duk wannan tafiya ba a taɓa rubutun COBOL ko layi ɗaya ba. Abin da ya canza shi ne an zare tafiyar aikin daga cikin tsohon tsari da kawunan ma'aikata an ajiye ta a wuri guda da ake iya gani da aunawa da gyarawa, an bar wa tsohuwar kwamfuta abin da ta fi ƙwarewa a kai, wato riƙon littafin asusu.

Yadda injin ke magana da tsohon tsari shi ne wurin da ingancin aikin ke bayyana. Hanya mafi kyau ita ce a gina ƙofar sadarwa, wadda ake kira API, wato tsayayyar yarjejeniya da ke fayyace irin tambayar da za a aika da irin amsar da za ta dawo, ba tare da mai tambaya ya san abin da ke bayan ƙofar ba. Wata hanyar ita ce layin saƙonni, irin MQ da IBM ya fitar a 1993, inda ake ajiye saƙo ya jira har ɗaya tsarin ya sami sararin ɗauka. Inda waɗannan suka gagara akan koma ga manhajojin da ke kwaikwayon akawu, irin na UiPath da Blue Prism, waɗanda ke buɗe tsohon allo su buga lambobi kamar yadda mutum zai yi. Wannan hanya ta uku tana da saurin kafawa da arha a farko, shi ya sa shugabanni ke sonta, amma ita ce mafi rauni, domin matsar da gurbi ɗaya a kan allo ya isa ya tsayar da ita, kuma tana ƙara ɗaure ma'aikata da tsohon allon da ake neman rabuwa da shi. Ya kamata a ɗauke ta a matsayin dabarar wucin gadi mai ranar ƙarewa.

Amfanin ƙofar sadarwa ya wuce sauƙaƙa aikin yau, domin ita ce ke ba da damar musanya abin da ke bayanta a hankali. Martin Fowler, masanin tsara manhaja, ya siffanta wannan dabara a 2004 da wani itacen dangin ɓaure da ya gani a dazuzzukan Queensland na Ostareliya, ɗan'uwan ceɗiya da gamjin da aka sani a ƙasar Hausa, wanda ke tsira a kan wata bishiya, ya sauko da saiwoyinsa ƙasa, ya kewaye ta sannu a hankali har ta mutu ya tsaya a gurbinta. A aikace, ana zaɓar aiki ɗaya, misali canza adireshin abokin hulɗa, a rubuta masa sabuwar manhaja, sannan a juya wannan mataki na taswira ya daina kiran tsohon tsari ya koma kiran sabo. Ana iya fara juya kaso kaɗan na buƙatu, ko a bar tsoho da sabo su yi lissafi tare na wasu watanni ana gwama sakamakonsu, kuma duk inda suka saɓa an gano wata ƙa'ida ke nan da ke ɓoye a cikin tsohon rubutu. Irin waɗannan ƙa'idoji akan fitar da su zuwa jadawalin yanke hukunci, wanda OMG ta yi masa ma'auni mai suna DMN a 2015, inda lauya ko jami'in haɗari zai iya karanta sharuɗɗan layi-layi ya tabbatar sun dace da doka. Idan wani abu ya lalace, abin da ya lalace mataki ɗaya ne, kuma komawa tsohuwar hanya aikin mintuna ne, saɓanin abin da ya sami TSB.

Kafin a zana taswira dole a san yadda aikin ke tafiya a zahiri, wannan kuwa ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin abin da ke rubuce a littafin ƙa'idar ofis da abin da shugaban sashe ke faɗa da abin da akawu ke yi ba safai suke zama ɗaya ba. Fannin bin sawun aiki, wanda Wil van der Aalst ya yi fice wajen assasa shi a jami'ar Eindhoven ta ƙasar Holan, kuma kamfanin Celonis na Munich da aka kafa a 2011 ya kai shi kasuwa, yana amfani da rajistar da kwamfutoci ke ajiyewa da kansu. Abubuwa uku kawai ake buƙata daga kowane layi na rajistar, wato lambar buƙata da sunan matakin da aka yi da lokacin da aka yi shi, daga nan manhaja za ta sake gina hanyoyin da buƙatu suka bi. Abin da kan fito shi ne hanyoyi masu ɗimbin yawa a inda ake zaton guda ce, da matakan da ake maimaitawa, da sa hannun da ba ya canza komai. Sai dai rajista ba ta ganin kiran waya ko ƙaramar takardar da aka miƙa hannu da hannu, don haka zama da tsofaffin ma'aikata ba shi da madadi. Su ne suka san dalilin da ya sa ake bi ta wata karkatacciyar hanya, kuma sau da yawa dalilin na gaskiya ne. Taswirar da aka zana ba tare da su ba takan mayar da tsohon ɓata lokaci sabo, ko ta goge wata kariyar da ba a san amfaninta ba sai bayan ta tafi.

Akwai wata matsala ta fasaha da masu tallar manhaja ba su cika tsayawa a kanta ba. A cikin babbar kwamfuta guda, cire kuɗi daga wannan asusu da zuba shi a wancan abu ɗaya ne: ko duka biyun su faru, ko babu wanda zai faru. Da zarar an rarraba aikin tsakanin tsari uku wannan tabbaci ya tafi, domin mataki na farko na iya yin nasara na biyu ya faɗi. Maganin da aka fi amfani da shi ya samo asali ne daga binciken Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem na 1987, inda ake tanadar wa kowane mataki wani mataki na warwara, ta yadda idan an buɗe asusun rance amma zuba kuɗi ya gagara, injin zai koma ya rufe asusun. BPMN yana da alamar wannan warwara, amma tsara ta daidai aiki ne na ƙwararrun injiniyoyi, wanda ke nuna iyakar alkawarin da ake yi cewa ma'aikatan ofis za su zana aikinsu da kansu ba tare da masu rubuta manhaja ba. Haka kuma tsofaffin tsare-tsare da yawa ba sa sabunta littafin asusu sai da dare, lokacin da suke haɗa ayyukan yini su lissafa a dunƙule, don haka manhajar waya na iya ce wa mutum an gama alhali littafin bai shaida ba sai gobe. Ga kuma batun kuɗi: lasisin manhajojin manyan kwamfutocin IBM an saba lissafa shi ne bisa ƙololuwar nauyin aikin da na'urar ta ɗauka a wata, saboda haka sabuwar ƙofar da ta ninka yawan tambayoyin da ake aika mata na iya ƙara tsadar tsohon tsarin maimakon rage ta.

Haɗari mafi girma, duk da haka, na shugabanci ne. Da zarar sabon allo ya fito, jinkiri ya ragu, koke-koke sun lafa, sai matsin da ya sa aka fara aikin ya sassauta, a karkatar da kasafin zuwa wani wuri, a bar tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashi tana ƙara tsufa yayin da masu fahimtar ta ke ƙara raguwa. Ma'aikatar da ta tsaya a nan ta koma biyan tsari biyu, an gudu ba a tsira ba. Wani kuskuren da ke kusa da wannan shi ne a riƙa tara bayanai da ƙa'idoji a cikin injin tafiyar aikin kansa har ya zama sabon wurin cuɗanya, domin shi ma yana tsufa. Ayyukan da aka rubuta a shekarun 2000 da harshen BPEL, wanda ya yi tashe kafin BPMN 2.0, yanzu su ma sun shiga sahun tsarin gado, kuma lokacin da Camunda ya fitar da bugu na 8 a 2022 a kan sabon inji, masu amfani da bugu na 7 sun tarar cewa ƙaurar na buƙatar sake rubuta wasu sassa duk da cewa taswirar BPMN ce a duka biyun. Ma'aunin bai ɗaya yana kare zanen, amma ba ya kare rubutun da ke haɗa zanen da sauran kwamfutoci.

Saboda haka shirin da ya san inda ya dosa yakan ƙunshi jadawalin kashe sassan tsohon tsari tun daga ranar farko, tare da mutum guda mai iko a kan kowace tafiyar aiki daga farkonta zuwa ƙarshenta, ba shugabannin sassa biyar da kowa ke kare teburinsa ba. Kashe tsari kuwa aiki ne mai zaman kansa da ke buƙatar nasa kasafin. Dole a kwashe tsofaffin bayanan da doka ta wajabta ajiyewa zuwa rumbun da za a iya karanta su bayan na'urar ta tafi, a bi diddigin duk wani fayil da tsarin ke aika wa wasu ma'aikatu da dare, wanda wataƙila wani ya kafa shi shekara ashirin da suka wuce bai rubuta ko'ina ba, a kuma gano rahotannin da hukumomin sa ido ke karɓa daga gare shi. Wasu ayyukan, kamar rufe littafin shekara da fitar da takardun haraji, sau ɗaya tak suke gudana a shekara, don haka akan bar tsohon tsarin a kunne, ana iya karanta shi amma ba a rubuta sabon abu a ciki, har sabon ya ratsa cikakkiyar shekarar kuɗi guda kuma masu binciken asusu sun sa hannu a kan sakamakonsa.